Hira da Shawarar Abokai: Wace Za a Ɗauka, Wace Za a Bari?

Yau bisa hira za mu yi magana.

Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, babu garin da ba shi da wurin zaman hira. Dattawa suna da gindin itace ko ƙofar gidan maigari. Samari suna da fada, ga tabarma, ga butar shayi bisa gawayi. Mata suna da bakin rijiya da wurin daka da gidan suna. In kun duba da kyau, a waɗannan wurare ne ake yanke yawancin shawarar da ke tafiyar da gidajenmu: irin da za a shuka bana, ranar da za a fitar da albasa kasuwa, maganin da za a ba yaro, ƙasar da saurayi zai nufa in ya tashi bida. Malamin gona jifa-jifa yake zuwa. Likita sai ka taka ka same shi. Amma aboki kullum yana nan kusa da kai, kuma shawararsa kyauta ce.

Abin da ke da irin wannan ƙarfi ya cancanci a auna shi, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Don haka za mu duba abin da hira ta iya, da inda take tuntuɓe, da dubarar da za mu gyara ta.

Abin da hira ta iya

Wasu suna cewa zaman hira zaman banza ne. Wannan magana ta yi tsauri. Mutumin da ya rasa ɗa, ko wanda gonarsa ta ƙi, in ya zauna shi kaɗai a ɗaki baƙin ciki cin sa yake yi. In ya fito cikin 'yan'uwa aka yi raha, aka ba shi baki, sai nauyin ya ragu. Fadar samari ma, wadda ta yaɗu cikin ƙasarmu tun shekarun 1990, ta fara ƙarfi daga Damagaram, ba shayi kaɗai ake sha cikinta ba. A nan ake haɗa gudummawar aure da ta suna, a nan ake jin inda aikin ƙodago ya fito, a nan ake tashi gayya.

Akwai kuma lokacin da hira ta yi aikin da kuɗi bai yi ba. Ku ji labarin tassa.

A ƙarshen shekarun 1980 wani shirin gyaran ƙasa ya kwashi manoma 13 daga ƙasar Illela ya kai su Yatenga, cikin Burkina Faso. Can suka ga manoma suna haƙa ƙananan ramu bisa fako, wato ƙasar da ta mutu ta yi tauri har ruwa ba ya shigarta. Faɗin rami kamar taƙi ɗaya ne ko fiye da haka kaɗan. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Ana zuba taki cikin ramin tun da rani. Gara takan zo cin takin, ta yi ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya bi hanyoyin nan ya shige maimakon ya gudu. Cikin ramin ake shuka hatsi ko dawa.

Da mutanen suka komo gida, wasunsu suka gwada a gonakinsu. Gwajin farko ɗan fili ne. Sai ga daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa suka ƙone, amma hatsin da ke cikin ramu ya kai. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka tambaya, aka gaya masu. Daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, a kasuwar Badagishiri da wurin suna da wurin zaman makoki, tassa ta bazu cikin Adar har ta kai dubban eka cikin 'yan shekaru. Fakon da a da ko kyauta ba a so, sai ga shi ana saye da sayarwa.

To, me ya sa wannan shawara ta yi albarka? Ku lura da abu uku. Waɗanda suka kawo maganar sun gani da idonsu. Ba su tsaya ga faɗi ba, sun fara yi a gonar kansu, inda in abin ya ƙi su za su kwana da yunwa. Kuma mai son ya gwada ba sai ya sayar da akuya ba: da hauya da kwandon taki zai iya haƙa ramu hamsin a gefen gona ya ga abin da zai faru. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Haka abin yake ga layukan dogon yaro, wanda muke ce ma bedi, da aka fara dasawa cikin kwarin Majiya a ƙasar Buza a 1975. Da farko akwai masu gunaguni, suna cewa itace zai cinye masu gona, inuwa za ta hana hatsi. Maganarsu ba ƙarya ce duka ba, don layin da ke dab da itace yakan rage. Amma da itatuwan suka girma aka ga iska ta daina binne shuka da rairayi, kuma ƙasa tana daɗewa da laima, sai hirar gari ta juya. Gonar ce ta raba gardama.

Wannan ita ce hira a kan ganiyarta. Ku riƙe ta a zuciya, don da ita za mu auna sauran.

Malam An-ce

Tuntuɓen farko shi ne maganar da ba ta da uba. Kowa ya san ta: an ce kaza, wai an ga kaza. In ka tambayi wanda ya faɗa, sai ya ce shi ma ji ya yi. An-ce ba shi da gida, ba shi da gona, ba ka iya zuwa ka ga aikinsa. In maganarsa ta jawo hasara, babu wanda za ka kama.

Ga misali da ya shafe mu. A 2003 magana ta tashi a arewacin Najeriya cewa maganin rigakafin shan inna da ake ɗiga ma yara a baki yana hana haihuwa. Jihar Kano ta tsayar da rigakafin har zuwa watan Yuli na 2004. Don mu yi adalci, tsoron mutane yana da tushe: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin waje ya gwada sabon magani bisa yara a Kano, wasu suka mutu, kuma iyaye suka ce ba a yi masu bayani ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Amma tsoro daban, hujja daban. Da aka bincika ɗigon ba a sami abin da ake faɗi ba. Kafin nan cutar ta ƙetaro iyaka, ta shigo ƙasarmu, ta bi ƙasashe da yawa har ta kai Indunisiya a 2005. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru yau manya ne, suna tafiya da sanda ko bisa keken guragu. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kuma rigakafin nan da aka zarga shi ne ya kore ta.

Waɗanda suka yaɗa maganar a wuraren hira ba mugaye ba ne. Yawancinsu so ne ya sa su, suna gargaɗin aboki kada a cuci ɗansa. Abin da ya kamata mu gane ke nan: kyakkyawar niyya ba ta mayar da ƙarya gaskiya.

Mai sa'a shi ke da baki

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, don duk abin da ake faɗi cikinsa yana iya zama gaskiya. Illarsa ita ce rabin labari ne.

Mu mutanen Adar mun san bida tun kaka da kakanni. Bayan girbi samari sukan nufi Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko wuraren haƙar zinariya. Kuɗin da suke aikowa ya rufa ma gidaje da yawa asiri a shekarun fari, babu mai musun wannan. Amma ku duba wanda ke riƙe da hira a fada in an dawo. Wanda ya komo da babur da sabuwar waya, shi ake kewayewa, shi ke sayen sukari, shi ake tambaya. Wanda ya komo da rigar wuyansa da dare yake shigowa gari, ya yi kwanaki bai fito ba don kunya. Wanda aka tsare, ko aka cinye masa kuɗin aiki, ba ya son tuna abin. Wanda bai komo ba kuwa, ba shi da bakin magana.

Yaro mai shekara goma sha shida da ke gefe yana fifita gawayi, labarin mutum ɗaya yake ji, sai ya ɗauka labarin kowa ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, ƙishirwa ta kashe su. Babu shakka kowanensu ya ji labari mai daɗi kafin ya tashi.

Irin wannan rabin labari yana nan har cikin sha'anin albasa. Wanda ya ajiye tasa cikin rudu ya sayar da tsada bayan watanni, shi za ka ji yana ba da labari. Wanda ya buɗe rudu ya tarar da rabi ya ruɓe, shiru yake yi. In ka ji na farko kaɗai sai ka ce ajiya duka riba ce. Alhali sirrin yana ga abin da ba a faɗa maka ba: albasar da aka cika ma takin zamani, ko aka yi ta ba ta ruwa har ranar cira, ko aka tara ta ba ta sha iska ba, ba ta jure ajiya. Don haka in kana neman shawara, kada ka tsaya ga wanda ya ci riba. Ka nemi wanda ya faɗi, ka same shi shi kaɗai, cikin mutunci. Sau da yawa iliminsa ya fi yawa, don da tsada ya saye shi.

Kara

Tuntuɓe na uku daga kyakkyawar ɗabi'armu ya fito. Mu mutane ne masu kara. Babba in ya yi magana ba a ce masa ba haka ba ne. Aboki in ya kawo maka shawara, ƙin ɗauka kamar raini ne. Wannan ɗabi'a ita ke riƙe da zaman lafiyar gari, amma tana da rana.

Wani zai ce maka: jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhun wake, ka ajiye a ɗaki, ni haka nake yi. Kana jin nauyinsa, sai ka yi. Ba ka san ƙwayar nan iska mai guba take fitarwa ba, kuma a ɗakin yara ke kwana. Alhali akwai buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun wajen 2007. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Wani kuma zai miƙa ma saurayi tiramol ranar noma, ya ce ga maganin gajiya. Ranar farko gaskiyarsa ce, ba za ka ji gajiya ba. Amma ƙwayar ba ƙarfi take ƙarawa ba, ciwo take rufewa. Jiki yakan saba da ita, ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar. Tana kai mutum ga faɗuwa irin ta farfaɗiya. Nawa ne cikin masu shanta suka fara don suna so? Da yawansu hannun aboki suka ji kunyar mayarwa.

Ko shawarar da take daidai ga mai ba da ita tana iya zama kuskure gare ka. Mai gona cikin fadamar Majiya da mai gona bisa dutsen Keita ba ƙasa ɗaya suke nomawa ba. Takin da ya yi ma wancan kyau inda laima take, yana iya ƙone shukar wannan in ruwa ya ɗauke. Maganin da likita ya rubuta ma babba ba na jariri ba ne, kuma ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, shi ya sa ake gwada jini kafin a ba da magani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kara ba ta hana tambaya. Kana iya cewa: Baba, a wace gona kuka gwada, in zo in gani? Ko ka ce: Abokina, na gode, bari in fara jin ta bakin likita. Babu raini cikin wannan. Mai son ka da gaske zai ji daɗi, wanda ya fusata kuwa ya nuna maka shawararsa ba ta son haske.

Waɗanda ba su wurin

Akwai wani gurbi cikin hirarmu. Maza suna zaune suna yanke shawara bisa abincin yaro, da ruwan sha, da itacen girki, alhali masu aikin ba su wurin. Da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, maza da yawa sun tafi bida saboda fari. Mata ne suka fi yawa wurin ɗaukar dutse, da haƙa ramu a jikin tsauni, da dasa itatuwa. Wanda ke son sanin yadda ake jera dutse ya tare ruwa, akwai tsofaffin mata a Keita da Tamaske da Ibohaman da suka yi shi da hannunsu. Su wa ke tambayarsu?

Ku duba kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991. Zamansu ma hira ce, ana dariya, ana tsokana. Amma suna da ranar zama, suna da akwati, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, kuma kowace mace tana da damar magana. Hirar da ke da ƙa'ida irin wannan ta fi wuyar ruɗuwa.

Murya cikin waya

Yanzu wurin hira ya ƙara faɗi. Ɗan da ke Abijan da ƙanen da ke Agadas suna aiko da murya ta waya, ana saurare a tsakar gida kamar suna nan. Wannan alheri ne, musamman ga wanda bai iya rubutu ba tukuna. Ana jin kuɗin albasa a kasuwannin nesa kafin dillali ya iso, ana jin labarin rasuwa da na haihuwa a ranar.

Sai dai An-ce ma ya sami doki. A gindin itace kana ganin fuskar mai magana, ka san ubansa, ka san gonarsa, ka san ko ya saba ƙarya. Muryar da aka turo maka daga wani, shi ma daga wani, ba ka san mai ita ba, ba ka san ranar da aka ɗauke ta ba. Tana iya zama ta shekara uku da suka wuce, ko ta wata ƙasa. Mai sayar da maganin ƙarya da mai damfara sun san haka sarai, shi ya sa suke buɗe magana da salati da rantsuwa. Magana zarar bunu ce. A da in ta fita a unguwa take tsayawa, yau kafin azahar ta kai gari ɗari. Kafin ka tura ma wani, ka tambayi kanka: in aka ce wa ya faɗa, ina da amsa?

Darasi daga iyayenmu

Gyaran hira ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Mutanen gari sukan taru da dare su saurari shiri bisa magana ɗaya, ko ta noma, ko ta lafiya, ko ta zaman aure. Akwai mai jagorar zama, sau da yawa malamin makaranta. Bayan shirin sai a buɗe muhawara, a ɗauki muryar masu magana da na'ura, a aika Yamai, a sa ta cikin shiri na gaba. Gwamnati ce ke zaɓen abin da za a tattauna, wannan kuwa ya rage ma abin 'yanci. Duk da haka akwai abin koyi cikinsa. Magana ɗaya ake riƙewa har a kai ƙarshenta. Mai magana ya san sunansa da garinsa za su fita, don haka yakan auna kalmarsa. Tambayar da ta gagari gari kuma ana kai ta ga masani, amsa ta dawo.

Ba sai mun jira na'ura daga Yamai ba. Kowace fada tana iya yin haka. In gardama ta tashi bisa magani, a wakilta mutum ɗaya ya je likita ya tambayo. In bisa iri ce ko taki, a ware ɗan gefen gona a gwada, a bar sauran yadda aka saba, kaka ta yi hukunci.

Ku da kuka koyi karatu da rubutu, kuna da abin da hira ba ta da shi. Baki yana mantuwa, yana kuma ƙari, takarda kuwa abin da aka sa mata shi take riƙewa. Ku sami ɗan littafi. Ku rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da yawan dammunan da kowace gona ta ba da, da kuɗin buhun albasa ranar cira da kuma bayan wata huɗu, da yawan wadda ta ruɓe. Ku karanta abin da aka rubuta jikin kwalin magani, ku duba ranar da zai lalace. Bayan shekara biyu ko uku, in gardama ta tashi a wurin zama, sai ku buɗe littafi.

Kafin ku ɗauki kowace shawara, ku yi mata tambaya huɗu. Wa ya faɗa? Ya gani da idonsa, ko ji ya yi? Halinsa da nawa ɗaya ne? In abin ya ƙi, me zan rasa? In abin da za a rasa kwandon taki ne da aikin kwana biyu, ku gwada. In lafiyar yaro ce, ko abincin shekara, ko ran mutum, to maganar aboki kaɗai ba ta isa ba, komai kusancinku.

Shawara ɗaukar ɗaki ce, sai an taru. Ku kai wannan magana wurin zamanku, ku karanta ma waɗanda ba su fara karatu ba, maza da mata. Kowa ya tuna shawara ɗaya da ta amfane shi da ɗaya da ta cuce shi, ku duba abin da ya raba su. Abin da kuka samo ku rubuto mana da hannunku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa mu da abokan gaskiya. Sai fitowa ta gaba.